MANHAJAR RUBUTA KIƊA: A DUBI ƘOFAR FITA TUN BA A SHIGA BA

Kwanan baya wata takarda ta zo teburinmu daga wata kwalejin horon malamai, ana neman a yarda a fitad da kuɗi a sayi manhajar rubuta kiɗa, a sa a kwamfutocin sashen da a ke koya wa ɗalibai waƙa da kiɗa. Malamin da ya rubuto ya faɗi sunan wadda ya ke so, ya ce ita ya koya tun yana ɗalibi, kuma duk aikinsa na shekara da shekaru a cikinta ya ke. Akawun da takardar ta bi ta hannunsa ya rubuta a gefe, ya ce shi dai bai san ko mene ne wannan ba, amma ya ga kuɗin da yawa. Kowannensu yana da gaskiyarsa gwargwado. Sai dai akwai abin da ya shige musu duhu su biyun, watau manhajar da malamin ya ambata, mai suna Finale, an daina sayad da ita tun cikin 1924 da ɗari, watau shekarar 2024, ko da mutum zai ba da ninkin kuɗinta ba zai samu daga masu ita ba.

Tun da ya ke irin wannan takarda ba za ta daina zuwa ofisoshi ba, mun ga ya kamata mu bayyana wa malamai da akawuna yadda al'amarin ya ke, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu. Ra'ayin kuwa shi ne, kafin a tambayi kyaun manhaja ko tsadarta, a fara tambaya: ran da ta mutu, yaya za mu fitad da aikinmu daga cikinta?

Mene Ne Aikin?

Turawa suna rubuta kiɗa kamar yadda mu ke rubuta magana. A kan ja layi biyar a kwance, a riƙa ɗora ɗigo a kansu da tsakaninsu. Wurin da ɗigo ya zauna shi ke nuna hawan murya ko saukarta, siffarsa kuma ita ke nuna daɗewar sautin. Wani malamin majami'a na ƙasar Italiya, Guido na garin Arezzo, shi a ke danganta wa asalin wannan dabara a ƙarni na 11, ko da ya ke a zamaninsa layin huɗu ne. A cikin 1501 Ottaviano Petrucci ya buga littafin waƙoƙi a birnin Banis da haruffan ƙarfe. Daga baya masu ɗab'i suka koma ga sassaƙa: a ɗauki farantin ƙarfe mai laushi, a ja layuka, a riƙa buga kowane ɗigo da guduma, kome a juye kamar rubutun hatimi. Mutum ya kan yi shekaru yana koyo kafin a sakam masa faranti. Kamfanin Henle na birnin Munik a Jamus bai bar wannan sana'a ta hannu ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 20.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan wahala don ado a ke yinta. Akawu in yana karanta wasiƙa ya gamu da kalmar da ba ta fita ba, sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya koma baya. Mai busa ba shi da wannan dama. Takardarsa tana nesa da idonsa, wani lokaci ma 'yar ƙarama ce maƙale a jikin ƙahonsa yana tafiya a fareti, kiɗa kuwa ba ya jiran kowa. Saboda haka dole ne tazarar ɗigo da ɗigo ta dace da daɗewar sauti, kada alama ta hau kan alama, kowace gaɓar kalma ta zauna daidai ƙarƙashin ɗigonta, ƙarshen shafi kuma ya faɗo inda mai kiɗa ya ke da hutu, don ya sami hannun juyawa. Waɗannan ƙa'idodi su ne masu sassaƙa suka riƙe a ka, su ne kuma manhaja ta ke ƙoƙarin yi wa mutum da kanta.

Masu bukatar wannan aiki a cikinmu sun fi yadda a ke zato yawa. Akwai sassan kiɗa na kwalejoji, da 'yan badujala na makarantu da na soja da na 'yan sanda, da ƙungiyoyin mawaƙa na majami'u masu rera waƙa da Hausa, da masu binciken kiɗan gargajiya. Mu tuna abin da ya faru ran 29 ga Mayu 2024, sa'ad da aka sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken Nijeriya, wanda aka yi aiki da shi daga 1960 zuwa 1978. Yaran da ke busa a makarantu ba wanda ya taɓa koyonsa, kowane kayan busa kuwa da irin takardarsa. Alal misali, in mai turampet ya ga do a takarda ya busa, sautin da ke fita yana ƙasa kaɗan da do na fiyano, tilas a ɗaga masa nasa rubutun. Malamin da zai kwafe wa mutum 20 rabonsu da hannu sai ya yi kwanaki. Da manhaja kuwa, in ya rubuta babbar takarda sau ɗaya, ita za ta ware wa kowa nasa.

Waɗanda Ke Kasuwa

Manhajojin da a ke zance a kansu yau huɗu ne. Ta farko Sibelius, wadda wasu tagwaye 'yan Ingila, Ben da Jonathan Finn, suka fito da ita cikin 1993, suka sa mata sunan wani mashahurin mai tsara kiɗa na ƙasar Finlan. Kamfanin Avid na Amurka ya saye ta cikin 2006. Tana da sauƙin koyo, makarantu da yawa sun saba da ita, amma galibi haya a ke yinta, a biya wata-wata ko shekara-shekara.

Ta biyu Dorico, ta kamfanin Steinberg na Jamus, wanda shi kuma mallakar Yamaha ne. Ta fito cikin 1916 da ɗari, watau shekarar 2016, an sa mata sunan Valerio Dorico, wani mai ɗab'in kiɗa da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 16. Wajen tsara shafi da kanta ba tare da an gyara mata ba, masana da yawa suna ganin ta fi saura. Babbarta ta haura dala 500, akwai ƙarama ta kyauta wadda aka rage wa ƙarfi.

Ta uku MuseScore, wadda wani Bajamushe, Werner Schweer, ya fara cikin 2002. Kyauta ce, kuma asirin ƙirarta a buɗe ya ke, kowa yana da iznin ya kwafa, ya gyara, ya raba. Bugunta na huɗu ya fito a Disamba 2022, ya kuwa kyautata tsarin shafi ƙwarai bisa ga na da.

Ta huɗu LilyPond, wadda wasu mutum biyu 'yan Holan, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara cikin 1996. Ita ma kyauta ce. Amma ba a ganin layuka ana aiki. Mutum haruffa da lambobi ya ke bugawa kamar mai rubuta wasiƙa, sa'an nan ita ta mayad da su takardar kiɗa. Aikinta yana da kyau ainun, sai dai koyonta sai mai haƙuri.

Abin Da Ya Sami Finale

To, yanzu mu koma ga wadda malaminmu ya nema. Finale ta fito cikin 1988, ta yi fiye da shekara 35 ana aiki da ita a jami'o'i da gidajen ɗab'i da majami'u. Ran 26 ga Agusta 2024 kamfanin MakeMusic, masu ita, suka ba da sanarwa sun daina sayad da ita, sun daina gyaranta, suka shawarci masu ita su koma Dorico, an rage musu kuɗi zuwa dala 149. Wanda ke da ita a kwamfutarsa tana nan tana aiki, amma ba wanda ya lamunce masa za ta ci gaba da aiki in an sabunta kwamfutar. Babbar musibar ita ce, fayil ɗin Finale yana da irin ƙullinsa, Dorico kanta ba ta buɗe shi kai tsaye. Mutumin da ya tara aikin shekara 20 sai ya wayi gari kayansa suna cikin ɗakin da maƙerin makullinsa ya bar sana'a.

Ba kuwa wannan ne karo na farko ba. Akwai wata mai suna SCORE, wadda Leland Smith na Jami'ar Stanford ya ƙirƙira, manyan gidajen ɗab'i suka dogara da ita shekaru masu yawa. Da ya rasu cikin 2013 aikinta ya tsaya. Cikin 2012 kuma kamfanin Avid ya rufe ofishin Sibelius na London, ya sallami ma'aikatan da suka san cikinta da bayanta. Su ne Steinberg ya ɗauka suka gina Dorico. Sibelius ba ta mutu ba, tana nan har yanzu, amma abin ya nuna cewa makomar manhajar sayarwa tana hannun mutanen da ba su san da zamanmu ba, ba kuwa za su shawarce mu ba ran da lissafinsu ya sake. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganin wannan yana nan, suna ne kawai mutane ba su sani ba, watau MusicXML. Wata hanya ce ta ajiye takardar kiɗa wadda ba ta kamfani ɗaya ba ce, kamar dai yadda Hausa ta ke a kasuwa, kowace kabila ta zo da harshenta amma da ita a ke ciniki. Michael Good ya fara ta cikin 2000, tun 2015 kuma tana hannun wani kwamiti ƙarƙashin ƙungiyar W3C mai kula da ƙa'idodin intanet. Sibelius da Dorico da MuseScore duk suna karanta ta. Gaskiya ne ba ta ɗauke kome da kome. Sau da yawa tsarin shafi ya kan ɗan wargaje, sai an sake gyarawa. Amma ɗigo da kalmomi suna ƙetarewa lafiya, su ne kuwa ainihin dukiyar. Duk wanda ke da fayilolin Finale, muna roƙonsa kada ya bari wannan zango ya ƙare bai juye su ba. Bugunta na ƙarshe yana iya juye jaka guda gaba ɗaya, amma fa sai tana buɗuwa. Ran da ta ƙi tashi, dama ta wuce.

Gwaji Huɗu Kafin A Sa Hannu

Bayan tambayar ƙofar fita, akwai gwaji huɗu da mu ke so kowace makaranta ta yi. Ba sa cin ko kwabo, gama manhajojin sayarwa ma suna da na gwaji ko ƙananan da a ke bayarwa kyauta.

Na farko, haruffanmu masu lanƙwasa. A rubuta baiti ɗaya mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ƙarƙashin layuka, a buga a takarda, a duba. Sau da yawa laifin ba na manhaja ba ne, na ƙirar haruffan da aka zaɓa ne. In ba ta da ƙ sai ta sa akwati, ko ta aro daga wata ƙira, harafin ya fito kamar baƙo a cikin dangi. Ƙirar Charis da ta Noto suna da su duka, kyauta a ke samunsu. Kada a yarda da mai cewa a bar lanƙwasa don sauƙi. Mawaƙin da ya ga ƙafa an rubuta kafa yana cikin rerawa, ba shi da lokacin da zai tsaya ya yi tunanin wacce a ke nufi.

Na biyu, solfa. Yawancin mawaƙanmu da do, re, mi suka koyi waƙa, hanyar da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, ta zo mana ta makarantun mishan. Manyan manhajojin nan don layi biyar aka gina su, amma akwai taimako. Sibelius tana da ɗan ƙarin aiki mai rubuta solfa tare da layuka, MuseScore kuma tana iya sa sunan kowane sauti a cikin ɗigonsa. Ga malamin da ke so ya ɗauki ɗalibi daga solfa zuwa layuka, wannan gada ce mai amfani.

Na uku, kiɗanmu na gida. A nan dole mu faɗi gaskiya: layi biyar don kiɗan Turai aka yi shi, inda aka raba tsakanin do na ƙasa da do na sama taki 12 daidai wa daida. Goge da algaita da kukuma ba su san wannan rabo ba. Kalangu kuwa, da ya ke matsa shi a ke yi a hammata, sautinsa zamewa ya ke daga wannan zuwa wancan kamar muryar mai magana. Har wa yau, waƙar Hausa tana bin hawa da saukar kalma da tsawon gaɓa, saboda haka baiti na biyu ba safai ya ke zama daidai kan ɗigon baiti na farko ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta waƙar Mamman Shata ko ta Ɗan Maraya Jos a layuka ya san haka. Sai a gwada ko manhaja tana barin mutum ya sa layi ɗaya tak don ganga, ya ja alamar zamewa, ya ɗaga sauti ko ya sauke shi ƙasa da taki guda. Dorico tana barin a raba tazarar nan yadda a ke so, MuseScore kuma tana barin a gyara kowane ɗigo da kashi ɗaya cikin ɗari na taki. Duk da haka rubutu inuwa ce kawai. Kowace takarda ta kiɗan gargajiya a ajiye ta tare da muryar da aka ɗauka.

Na huɗu, halin ɗakin karatunmu. A gwada manhajar a kan kwamfutar da ta fi kowacce tsufa a makarantar, ba a kan ta shugaban sashe ba, a kuma cire intanet a gani ko za ta tashi. Manhajar haya ta kan nemi a haɗa ta da intanet lokaci-lokaci don a tabbatad da an biya, biyan kuwa da kuɗin ƙasashen waje ne. Akawuna sun fi mu sanin abin da ke faruwa in kuɗin shekara bai fito kan kari ba. In haya ta yanke tsakiyar zango, ɗalibai su ne a ciki. Kayan aro ba ya rufe katara.

Masu Musu

Wani zai ce araha ba ta ado, abin da aka ba da kyauta lalle akwai dalili. Wannan magana da ta yi gaskiya shekara 15 da suka wuce. Yau kuwa takardar badujala ko ta mawaƙa masu murya huɗu, in an tsara ta da kula a MuseScore, ba kowa zai bambanta ta da ta mai tsada ba. Mun yarda tana da aibinta. Bugu na huɗu ya fi na uku nauyi, tsohuwar kwamfuta ta kan sha wahala da shi, ko da ya ke na ukun yana nan ana samu. Kuma ragamarta tana hannun wani kamfani, wanda yau a ke kira Muse Group, yana da shafin intanet mai irin sunanta inda a ke biyan kuɗi don kwasar takardun kiɗa. Kada akawu ya ruɗe, manhajar dabam, shafin dabam. Amma ko da kamfanin nan ya juya baya gobe, ba shi da ikon karɓe abin da aka riga aka saki ga jama'a, wasu suna iya ɗauka su ci gaba. Finale ba ta sami wannan gata ba.

Wani kuma zai ce, ai a kasuwa ana sa wa mutum mai tsadar a kwamfuta da kuɗi kaɗan. Wannan ta sata ce, kowa ya sani. Ban da cututtukan kwamfuta da ta kan zo da su, kwalejin da ke horon malamai ba ta da bakin hana yara satar amsa in ita kanta da kayan sata ta ke koyarwa, alhali ga halal a banza.

Abin Da Mu Ke Shawarta

Saboda haka ga abin da muka amsa wa kwalejin nan, muna kuma fata sauran makarantu su duba. A koyad da ɗalibai da MuseScore, domin ɗalibi in ya gama ya tafi ƙauyen da aka tura shi, zai tafi da kayan aikinsa ba tare da bashi ba. In akwai malamin da ke tsara manyan ayyuka na kayan kiɗa masu yawa, ko mai aiki da gidan ɗab'in da ya ƙayyade abin da ya ke karɓa, a saya masa Dorico ko Sibelius guda ɗaya, da sunan makaranta, ba da sunansa ba, don kada lasin ya bi shi ran da aka yi masa canji. Mai haƙurin da zai tara littafin waƙoƙi mai kauri ya gwada LilyPond, gama fayil ɗinta rubutu ne zalla, kowace kwamfuta tana buɗe shi.

Kowacce aka zaɓa, a kafa doka guda a sashen: duk aikin da aka gama a ajiye shi iri uku, a fayil ɗin manhajar, da MusicXML, da PDF, sa'an nan a buga kwafi ɗaya a takarda a kai ɗakin ajiya, a shigad da shi rajista kamar sauran kayan makaranta. Kuɗin da aka so kashewa wajen lasin, a sayi takarda mai kauri da tawada, a gyara ƙahonin da suka lotse, a kuma ba malamai mako guda su zauna su koyi ƙa'idodin tsara shafi, don manhaja ba ta koya wa mutum abin da idonsa bai sani ba.

Malamin da ya rubuto mana mun gaya masa ya ajiye kome ya fara juye tsofaffin fayilolinsa tun tsohuwar kwamfutarsa tana da rai. Akawun kuma mun gode masa da ya tsaya ya yi tambaya kafin ya wuce da takarda. Allah ya ƙara mana irinsu, ya sa abin da muka rubuta ya amfani na bayanmu, amin.